Rumbun Kwamfuta na Injiniya Tasi'u

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa, ita ce shekarar da Tasi'u malamin zane ya zama Injiniya, kuma ba wanda ya naɗa shi sai bakinsa. A hutun damina aka tura shi Kano wani gajeren kwas na malaman zane da ƙere-ƙere. Kwas ɗin kashi biyu ne. Da safe a koya musu halin kayan aiki: a jiƙa katako a ga yadda yake kumbura, a shanya roba a rana a ga yadda take laushi, a gwada wane abu ke shan iska, wane ke gumi. Da yamma kuma a kai su gaban kwamfuta, mutum ya zana abin da yake so, wani inji ya yanka masa shi a jikin falankin roba. Tasi'u ya leƙa ajin safe sau ɗaya, ya tarar da manyan mutane masu gemu suna kwaɓa laka, ya ce shi bai baro Dutse don ya yi wasan ƙasa ba. Daga ranar, safiyarsa ta koma ta gurasa da barci. Sai rana ta karkata yake saɓa riga ya nufi ɗakin kwamfuta.

Ya dawo Yalwawa da tabarau a goshi da ɗan faifan kwamfuta a aljihun gaba, ya sa shi yadda rabinsa zai leƙo waje. Ko ruwa bai gama sha ba ya fito majalisa gindin dabino.

"Duk abin da ke unguwar nan na mutanen da ne," in ji shi. "Turmi, na mutanen da. Randa, ta mutanen da. Yanzu duniya ta wuce nan. Ka zana, ka danna, inji ya yanko maka."

Ɗan'inna, taubashinsa, wanda Allah ya hore wa baki kamar reza, ya dube shi sama da ƙasa. "To Injiniya, injin nan yana yanko wa mutum hankali kuwa? Don na ga kai da wanda ka tafi da shi ka dawo."

"Ka ga irinta ko? Jahilci da hassada, uwarsu ɗaya."

"Ubansu kuma ya je kwas Kano."

Aka yi dariya, Tasi'u ya ƙudurta a ransa sai ya yi abin da zai rufe bakin unguwar nan gaba ɗaya. Ana cikin haka sai ruwan sama ya zubar da rumbun surukinsa, Modibbo, limamin masallacin unguwa, ga gero ya nuna a gona. Abin nema ya samu.

Modibbo Bafulatani ne na ainihi, mutum mai kunya har ta yi masa yawa. Matar Tasi'u, Mashkura, ita ce 'yarsa ta fari, wadda ko sunanta ba ya kamawa, balle ya tsaya musu da mijinta. Tasi'u ya je ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a zaure, ya shiga zuba.

"Allah ya gafarta Malam, kada a wahalar da kowa da kwaɓa ƙasa. Ni zan yi wa Baffa rumbu na zamani, irin wanda ba a taɓa gani ba daga nan har Miga. Gara ba ta cinsa, ɓera ba ya huda shi, ruwa ba ya shiga. Kai, ko iska ba za ta samu ƙofa ba."

Modibbo ya sunkuyar da kai, ya ja carbinsa. Can ya ce, "To." Tasi'u ya tashi kamar an ba shi sarauta.

A gida Mashkura ta ajiye ludayi ta dube shi. "Malam, ka san fa Baffa ba zai taɓa ce maka a'a ba. Ko gidan ka ce za ka rushe, to zai ce."

"Injiniya."

"Na'am?"

"Injiniya za ki riƙa cewa."

"To Injiniya, abincin shekararsu ne fa. Su Inna da yara duk shi suke jira."

"Shi ya sa zan adana shi a kimiyyance," in ji shi, ya jawo kwanon tuwo.

Ya koma Kano, ya zauna gaban kwamfuta ya zana rumbu mai ƙaton ciki da ɗan wuya. Mai kula da injin ya tambaye shi wace irin roba za a yanka, ya ce baƙa, don ita ta fi kwarjini a ido. Aka ɗoro falankan a kan motar haya, ya haɗa su a ƙofar gidan Modibbo da kusoshi da gam, yana yi yana leƙa takarda, yana korar masu kallo da gefen hannu. Da aka gama sai ga wani abu tsaye a kan duwatsu, baƙi ƙirin, sumul, kamar ƙaton tulu. Mata suka riƙa leƙowa ta kan katanga.

"Wannan rumbu ne," in ji Ɗan'inna, "ko tankin ruwa ne ya yi ciki?"

"Ɗaga shi ka ji. Da hannu ɗaya za ka ɗaga. Wannan shi ake kira ci gaba."

Ai kuwa gaskiya ya faɗa, don washegari da la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta ɗaga shi ba ta ko yi nishi ba. Rumbu ya sauko daga kan duwatsu ya kama hanya. Ya bi ta gaban masallaci yana gangarawa yana ƙugi, ya watsa masu alwala, ya kifar da teburin mai shayi, ya kori jakin wani mai itace har cikin gonar rogo. Tasi'u na biye da shi da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ihu, "Ku tare! Kada ku taɓa shi da ƙarfe! Ku tare!" Ba wanda ya tare, kowa ta kansa yake. Sai da rumbun ya isa gindin dutse ya tsaya don kansa.

Ɗan'inna ya iso yana riƙe da ciki. "Injiniya, rumbunka ya yi yaji. Sai a aika biko."

"Gwaji ne," in ji Tasi'u yana haki. "Rumbun da ke iya zuwa gona da kansa, ka taɓa gani?"

Aka gangaro da shi gida, Tasi'u ya yanke hukunci cewa rashin nauyi ne kawai matsalar, maganinta kuwa a cika shi. A lokacin an yanke geron Modibbo, yana shanye a gona, ruwan ranar ma ya sake jiƙa shi. Tasi'u ya sa aka kwaso shi a amalanken shanu tun bai sha rana ba. Modibbo ya fito ya ɗauki zangarniya ɗaya, ya murza, ya ga danshi a tafinsa. Ya buɗe baki, idonsa ya faɗa kan mijin 'yarsa ta fari, ya mayar da bakin ya rufe, ya koma zaure. Aka danna gero har wuya, Tasi'u ya hau tsani ya ɗaure murfi tam.

Daga nan damina ta ɗauke, rana ta buɗe irin ta kaka, mai sa kwalta narkewa. Baƙar roba ta riƙa shan rana tun safe har magariba, in ka ɗora hannu sai ka janye. Ba a jima ba wani ruwa-ruwa ya fara tsattsafowa ta mahaɗar falankan. Mashkura ta gaya masa, ya je ya duba da tabarau, ya ce raɓa ce ke shiga daga waje. Ya sayo kwalta ya narka ya bi duk wata 'yar kafa ya toshe. Ko kafar numfashi bai bar wa rumbun nan ba.

Sai rumbu ya fara magana. Da rana tsaka za ka ji cikinsa na ƙugi, gurr, gurr, kamar mutumin da ya ci wake da yawa. Cikin ya ƙara fitowa, kusoshi suka fara ƙara. Tsofaffi suka ce aljanun dutse ne suka biyo shi ranar da ya gudu. Tasi'u ya ce a'a, hatsi ne ke daidaita zama.

Ana wata ga wata. Ruwan ya samu hanya ta ƙasa, ya taru a wani ɗan rami, dabbobin unguwa suka gano shi. Akuyar Gwaggo Larai, maƙwabciyar Modibbo, ta sha ta koma gida a karkace, ta tsaya tana yi wa turmi kuka. Zakaru suka riƙa cara da azahar. Ragon Modibbo, dabba mai natsuwa kamar mai shi, ya tunkuyi inuwarsa a bango ya zauna daɓas yana lumshe ido. Gwaggo Larai ta yafa mayafi ta tare Tasi'u a hanya.

"Kai ɗan nan, me ka ba akuyata?"

"Gwaggo, ni ina ruwana da akuya? Ni injiniya ne, ba likitan dabbobi ba."

"Tun da nake ban taɓa ganin akuya na tafiya da baya ba sai da ka kafa baƙin abin nan. Kuma wannan tsamin da ke tashi, na san shi. Na yi zama kusa da barikin soja ina yarinya."

"Ƙamshin sabuwar roba ne."

"Robar gidanku!"

Nan fa dariya ta fara ƙarewa. Shekarar nan an rufe duk gidajen giya, masu dafa burkutu sun tattara tukwanensu sun bar gari, sai ga warinta na tashi daga ƙofar gidan liman. Magana ta fara yawo a ƙasa-ƙasa. A masallaci mutane na sahu suna jan hanci suna satar kallon juna. Sahun asuba ya ragu, wasu suka koma masallacin bakin titi, wai ya fi kusa, alhali ya fi nisa. Modibbo ya gani, ya ji, har ya rame. Mutumin da ya tsufa ba a taɓa jin kansa da kowa ba, yau yara na nuna gidansa da baki. Mashkura ta je ta dawo da idanu jajur.

"Baffa ya daina cin abinci," ta ce. "Don girman Allah ka buɗe abin nan a ga me ke ciki."

Abin ya taɓa Tasi'u, don yana ƙaunar tsohon, amma girman kai ya riga tausayi isa bakinsa. "Za a buɗe. Amma ba a ɓoye ba. Bikin buɗewa zan yi, a gaban jama'a, masu surutu su ji kunya."

Ya aika wa malaman zane na Taura da na Miga, ya ari kujerun makaranta da lasifika, ya sa ranar Juma'a bayan an sauko. Ya sa aka kewaye rumbun da kaskon turaren wuta, turare da tsami suka haɗu suka ba da wani wari na uku da ba shi da suna. Jama'a ta cika, maza a gaba, mata daga bakin zaure da kan katanga. Aka shimfiɗa wa Modibbo buzu a gefe, ya zauna kansa a ƙasa.

Ana shirin farawa sai ga Malam Uwaisu, shugaban 'yan sa-kai masu lura da dokokin shari'a a unguwa, da mutanensa. Ba gayyata ce ta kawo su ba, hanci ne. Tasi'u ya gan su ya washe baki.

"Manyan baƙi! A ba su kujerun gaba!"

Malam Uwaisu ya gaida Modibbo da ladabi, ya zauna, ya toshe hanci da gefen rawani. Tasi'u ya karɓi lasifika ya hau tsani, rana na dukan baƙar roba, rumbu na gurnani a ƙarƙashinsa.

"Jama'a, wannan da kuke gani ba aikin dace ba ne. Ilimi ne. Babu abin da ke faruwa a cikin rumbun nan wanda ban sani ba. Ƙarar da kuke ji, ni na tsara ta. Ruwan da ke fita, ni na tsara shi. Ƙamshin nan ma, tun a kwamfuta na san zai fito!"

Malam Uwaisu ya sauke rawani daga hanci. "Ka ce ka san zai fito?"

"Tun a Kano, Malam!"

"A riƙe wannan," in ji Malam Uwaisu ga mutanensa.

Tasi'u ya sa sifana ya kwance kusa ta farko, ta biyu. Bai kai ga ta uku ba. Murfin ya tashi da wata ƙara kamar an harba bindigar toka, ya bi ta kan dabino, har yau ba a san inda ya sauka ba. Kumfa ta yi tsiri sama, ta dawo kan kujerun gaba. Cikin rumbun ya tsage daga wuya har gindi, ruɓaɓɓen gero mai tsiro da ruwa mai tsami suka kwararo kamar an fasa madatsa. Malaman Taura suka haye kujeru, na Miga suka bar takalmansu. Injiniya kuwa tsani ya zame da shi, ya faɗo zaune tsakiyar taɓon, lasifika a hannu, tsiron gero a kunne. Akuyar Gwaggo Larai ta ratso taron a guje ta kafa kai.

Malam Uwaisu ya miƙe, kumfa na ɗiga daga gemunsa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba da tsoro ke nan.

"Malam Tasi'u, an jiƙa hatsi, an rufe, an bar shi a zafi har ya tsima. Ko wane suna aka ba tukunyar, mun san sunan abin da ke ciki. Kuma ka faɗa da bakinka, a lasifika, cewa da saninka aka yi. In haka ne, sai mu wuce gaban alƙali, kai da mai gidan da aka girka abin a ƙofarsa."

Wata mata ta saki salati daga zaure, Tasi'u ya gane muryar Mashkura ce. Ya dubi Modibbo, ya ga tsohon na kallon geronsa na shekara yana bin kwata. Ya tuna bulala, bayansa ya yi yar. Ido ya raina fata.

"Malam," ya ce da wata 'yar murya, ya manta lasifika na bakinsa, "ban sani ba."

"Ɗazu ka ce ka sani."

"Cika baki ne. Wallahi Baffa ba ruwansa, kunyata ya ji. Ni kuma ban san roba na gumi ba. A ajin safe aka koyar da wannan, ni kuwa lokacin ina wajen mai gurasa."

"Wato kana so mu yarda cewa mutum mai hankali, malamin makaranta, zai zuba ɗanyen gero a baƙar roba, ya toshe da kwalta, ya ajiye a rana, bai san abin da zai biyo baya ba? Wannan wauta ta yi yawa a ce ta mutum ɗaya ce. Sai da shaidu. Akwai wanda zai shaida cewa sakarcin mutumin nan ya kai haka?"

Tun da aka kafa Yalwawa ba a taɓa ganin hannuwa sun tashi da sauri irin na ranar ba. Har malaman Taura, da yau suka fara ganin aikinsa, suka ɗaga daga kan kujeru.

"Ni na fara!" in ji Ɗan'inna. "Tare muka tashi. Ya kai, har ya yi ragowa. Yana yaro ya taɓa shuka gishiri."

"Ni ma na shaida," in ji mai shayi. "Teburina ma shaida ne."

"A rubuta ni," in ji Gwaggo Larai, "a rubuta akuyata."

Tasi'u na zaune cikin taɓo yana bin kowane mai shaida da ido yana gyaɗa kai. "Haka ne. Allah ya saka da alheri. Ƙara faɗa musu, Ɗan'inna, kada ka rage komai."

Malam Uwaisu ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Duk na ji. Amma taubashi da maƙwabta suna iya rufa wa mutum asiri. Magana ɗaya nake so, daga bakin da ba a taɓa jin ƙarya a cikinsa ba." Ya juya ya rusuna. "Allah ya gafarta Malam, ku ne kuka ba shi 'ya. Me kuka sani game da shi?"

Kowa ya san abin da aka nema a wajen Modibbo ya fi bulala zafi. Tun ranar ɗaurin aure bai taɓa furta kalma ɗaya a kan surukin nan ba, mai daɗi ko marar daɗi. Ya ajiye carbinsa a kan buzu. Sannan ya miƙe a hankali, ya juya wa Tasi'u baya don kada su haɗa ido, ya yi gyaran murya irin ta huɗuba.

"Yaron nan yana da zuciya mai kyau," ya ce. "Amma na rantse da wanda raina ke hannunsa, in da giya ya yi niyyar dafawa, da kunu za a samu."

Taron ya fashe, har Malam Uwaisu sai da ya cusa rawani a baki. Ya ce shi ke nan, ba laifi a kan kowa, a kawo shebur a binne abin nan kafin dabbobin unguwa su ƙare. Mutane suka yi ta zuwa suna durƙusawa gaban Modibbo suna neman gafarar zaton da suka yi, wasu tun a wurin suka ce a aiko a ɗauki dami a gidajensu.

Tasi'u ya rarrafo cikin taɓon har gefen buzu, ya tuɓe takalmin da ya rage masa, ya durƙusa, hawaye na wanke masa kumfa a fuska.

"Na gode, Baffa," ya ce. "Wallahi ban san haka kuka san ni ba."